Darasi na Tara: Inda Kogi Ke Haɗuwa da Teku

Ruwan saman da ya sauka a kan rufin gida a Zariya ba a Zariya yake ƙarewa ba. Indararo ya zubo shi, kwata ta kai shi rafin Kubanni, Kubanni ya miƙa wa Galma, Galma ya shiga Kogin Kaduna, shi kuma ya je ya faɗa Kogin Kwara, wanda ake kira Neja. Ruwan Gusau da Sakkwato da Maraɗi ma can yake zuwa, ta Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato. Na Yola da Gombe ta Binuwai yake bi. Na Kano da Haɗeja ne ya fita daban, domin shi gabas yake nufa, wajen Tafkin Chadi.

Kwara ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Gini. Ya ratsa Bamako, ya wuce kusa da Tumbutu, ya bi ta Gawo da Yamai da Yawuri, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, tsawonsa duka har zuwa teku kuwa ya kai wajen kilomita 4,180. Da ya wuce Anaca sai ya rabu biyu, reshen Forcados da reshen Nun, waɗannan kuma suka yi ta rarrabuwa har suka zama ɗaruruwan ƙoramu kafin su shiga Tekun Atlantika. Wannan yanki shi ne Neja Delta. A wannan darasi za mu ga yadda irin wannan wuri yake, abin da yake ba mutane, da abin da mutane ke yi masa. Da yawa daga cikinmu ba su taɓa ganin teku ba, amma za ku ga cewa muna da hannu a abin da ke faruwa a bakinta.

Ruwan zartsi

Ruwan kogi ruwan daɗi ne. Ruwan teku kuwa na gishiri ne, domin kowace lita ɗaya tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, wato kimanin babban cokali biyu. Inda suka haɗu sai su gauraya, a sami ruwan zartsi, wanda bai kai na teku gishiri ba kuma ba ya shayuwa. Wurin da wannan gaurayar ke faruwa shi muke kira mashigar kogi. Ba nan take suke cakuɗuwa ba. Ruwan gishiri ya fi nauyi, saboda haka yakan kutsa ta ƙasa ya shigo cikin kogi, ruwan daɗi kuma ya bi ta samansa ya fita. Da damina kogi ke da ƙarfi, ya tura gishirin baya. Da rani kuwa teku ke shigowa ciki sosai.

Akwai kuma cikowa da janyewar teku. A gaɓar Najeriya teku na cikowa sau biyu ta janye sau biyu a cikin kwana ɗaya da wajen minti hamsin, kuma wata ne ke jan ruwan, rana na taimaka masa. Shi ya sa masuntan bakin teku suke lissafi da wata. Cikowar ta fi girma a lokacin jinjirin wata da kuma wajen daren sha huɗu. A Legas tazarar da ke tsakanin cikowa da janyewa wajen mita ɗaya ce, a Kalaba kuwa takan kusa mita uku. Idan ruwa ya janye sai a ga fili na taɓo ya bayyana, mata su shiga tsintar dodon koɗi da kawa. Bayan awa shida ruwa ya dawo ya rufe wurin.

Bakin teku ba iri ɗaya ba ne. Wani wurin kogi ne ya buɗe baki da faɗi ya shiga teku, irin Kogin Kuros a Kalaba da Kogin Wuri a Duwala ta Kamaru. Wani wurin kogi ne ya tara laka ya rarrabu a kanta, irin Neja Delta. Wani wurin kuma jigawar yashi ce ta tare ruwa a bayanta ya zama tafki mai ƙofa zuwa teku, irin tafkin Legas da na Keta a Gana. Gaɓar Najeriya, mai tsawon kimanin kilomita 850 daga iyakar Binin zuwa iyakar Kamaru, ta ƙunshi duka ukun.

Itacen da ke tsaye a cikin ruwa

Yawancin itatuwa gishiri na kashe su. Amma akwai wani dangin itace da ake kira mangurof, wanda a cikin taɓon zartsi yake rayuwa. Wanda ya fi yawa a Neja Delta shi ne ja, mai saiwoyi da ke fitowa daga jikin kututture su lanƙwasa su caki taɓo. Taɓon nan ba shi da iska, don haka ta ƙananan kafofin da ke jikin saiwoyin nan itacen ke numfashi idan ruwa ya janye. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. 'Ya'yansa kuwa tun suna kan uwa suke tsira, su yi tsawo, sannan su faɗo su kafe a taɓo ko ruwa ya tafi da su wani wuri. Dajin mangurof na Najeriya shi ne mafi girma a duk Afirka.

Amfanin dajin nan ba a sama yake ba, a ƙarƙashin ruwa yake. Ganyen da ya zuba yana ruɓewa ya zama abincin ƙananan halittu, su kuma su zama abincin jatan lande da ƙaguwa da 'ya'yan kifi. Manyan kifaye ba sa iya kutsawa tsakanin saiwoyin, saboda haka ƙananan na samun mafaka har su yi ƙwari. Kifaye da yawa da ake kamawa can cikin teku a nan suka yi ƙuruciyarsu. Busasshen jatan landen da ake aunawa a kasuwannin Kano da Kaduna, da wani ɓangare na bandar kifin da ake kawowa daga kudu, daga irin wannan ruwa suke fitowa, kuma garin Oron a Jihar Akwa Ibom ya yi suna wajen cinikinsu. A ruwan nan ne kuma ayu ke kiwo, shi ayun nan da masuntan Kwara da Binuwai suka sani.

Saiwoyin na da wani aiki na biyu. Suna karya ƙarfin igiyar ruwa, suna riƙe lakar da kogi ya kawo har ta zama ƙasa. Ƙauyen da ke bayan dajin mangurof yana da kariyar da ba a kashe ko kwabo wajen gina ta ba.

Lakar da ba ta iso ba

Ga abin da ya kamata kowa ya fahimta kafin mu shiga maganar ɓarna. Gaɓar teku ba tsayayyen abu ba ce. Kullum igiyar ruwa na kwashe yashi, kullum kuma kogi na kawo sabo. Jan ruwan nan na damina, wanda ya kwaso ƙasar gonakinmu, shi ne ya gina Neja Delta a cikin dubban shekaru. Muddin abin da kogi ke kawowa ya kai abin da teku ke ɗauka, gaɓa na nan. Ranar da ya gaza, teku za ta fara cin ƙasa.

Madatsar ruwa tana tsayar da ruwa, idan ruwa ya tsaya kuma laka da yashi sai su kwanta a gindin dam. An kammala madatsar Kainji a 1968, ta Jebba a 1985, ta Shiroro a kan Kogin Kaduna a 1990, ta Lagdo a kan Binuwai a Kamaru a 1982, ga Bakolori da Goronyo a ƙasar Zamfara da Sakkwato. Kowace ɗaya na riƙe wani kaso na lakar da a da take isa teku. Ba a cewa gina su kuskure ne. Da su muke samun wutar lantarki da noman rani, kuma babu mai hankalin da zai ce a rushe su. Abin da ake cewa shi ne akwai wanda ke biyan kuɗin amfanin nan, kuma yana can ƙarshen kogi inda ba a nemi shawararsa ba.

Garin Keta a Gana ya nuna haka ƙarara. Tun kafin a gina dam teku ke taɓa garin, amma bayan an kammala madatsar Akosombo a kan Kogin Bolta a 1965, yashin da ke ciyar da gaɓar ya ragu ƙwarai, zaizaya ta tsananta. Tituna da gidaje sun tafi cikin ruwa. Ganuwar Prinzenstein, wadda Turawan Denmak suka gina a 1784, teku ta cinye babban ɓangarenta a 1980. Sai da gwamnatin Gana ta kashe maƙudan kuɗi ta jera duwatsu kafin a ceci abin da ya rage na garin.

A Legas kuma wani abu ne daban ya tare yashin. A gaɓar Afirka ta Yamma igiyar ruwa na tura yashi ne daga yamma zuwa gabas. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka gina dogayen katangun dutse a ƙofar tashar jiragen ruwan Legas don kada yashi ya toshe hanya. Hanyar jirgi ta gyaru. Sai dai yashi ya taru a yammacin katangar, gabashinta kuma, wato Bar Beach, ya rasa mai ciyar da shi. Shekara da shekaru ana zuba yashi teku na kwashewa, har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello da ke Victoria Island. Yau an cike wurin an gina sabuwar unguwar Eko Atlantic a bayan wata katangar dutse mai tsawon kilomitoci. Unguwar masu hali ta tsira. Amma katanga ba ta kashe ƙarfin teku, gaba take tura shi, kuma ƙauyukan masunta da ke gabas da ita ba su da kuɗin gina tasu. Ƙari ga haka, ana haƙo yashin gini daga ƙasan tafkin Legas dare da rana, abin da ke dagula ruwa ya lalata wuraren da kifi ke ƙwai. Can gaba a Jihar Ondo, garin Ayetoro na Ilaje, wanda aka kafa a 1947, ya riga ya rasa babban ɓangarensa.

Mai

A 1956 aka samu ɗanyen mai a Oloibiri, cikin Jihar Bayelsa ta yanzu, aka fara fitar da shi waje a 1958. Tun daga lokacin rijiyoyin mai da bututai suka ratsa dajin mangurof ta ko'ina. Kuɗin man nan ya shiga kasafin kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma a Najeriya, har da tamu. Don haka wannan sashe ba labarin wasu ba ne.

Idan mai ya malala a tudu, yana tsayawa kusa da inda ya zuba. A mashigar kogi ba haka ba ne. Cikowar teku na ɗaukarsa ta shigar da shi kowace ƙorama, idan ruwa ya janye ya bar shi manne a jikin saiwoyi. Kun tuna ta saiwa mangurof ke numfashi. Mai ya toshe kafofin, itace ya shaƙe ya mutu a tsaye. Sauran man ya bi ramukan ƙaguwa ya nutse cikin taɓo, inda babu iskar da za ta taimaka ya ruɓe, ya zauna shekaru. Kawa da dodon koɗi ba sa iya gudu, sai su mutu a inda suke, su kuwa su ne abin dogaron mata da zawarawa waɗanda ba su da kwale-kwale.

A 2008 bututun kamfanin Shell ya fashe har sau biyu a Bodo, cikin ƙasar Ogoni a Jihar Ribas, kowane karo mai ya yi makonni yana kwarara kafin a toshe. Mutanen garin suka kai ƙara Landan. A watan Janairun 2015 kamfanin ya amince ya biya diyyar fam miliyan 55 ga al'ummar da masunta kimanin 15,600. Kuɗin na da yawa a baki, amma abin da ya isa hannun kowane masunci bai wuce fam dubu biyu da 'yan kai ba, bayan shekara shida babu sana'a.

A watan Agustan 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton binciken da ta yi a ƙasar Ogoni. A Nisisioken Ogale ta tarar mutane na shan ruwan rijiyar da ke ɗauke da sinadarin binzin, mai haddasa ciwon daji, ninki 900 na iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita. Rahoton ya ce gyaran ƙasar zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, ya kuma nemi a ware dala biliyan ɗaya don farawa kawai. Abin lura, tun 1993 aka daina haƙar mai a Ogoni. Wato shekara goma sha takwas bayan an tsaya, gubar na nan. Kan wannan batu ne wani ɗan Ogoni mai suna Ken Saro-Wiwa ya yi fafutuka, har gwamnatin soja ta rataye shi tare da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamban 1995. Sai a 2016 aka ƙaddamar da aikin tsabtace yankin, kuma har yanzu ba a gama ba.

Adalci ne a faɗi cewa ba tsufan bututu da sakacin kamfanoni kaɗai ke zubar da mai ba. Akwai masu fasa bututu su sata, akwai masu dafa ɗanyen mai a tankunan ƙarfe cikin daji su zubar da dattinsa a ƙorama. Hayaƙinsu na cikin abin da ya jawo baƙar toka ta riƙa sauka a kan Fatakwal tun wajen 2016. Da yawa daga cikin matasan nan 'ya'yan masunta ne da ruwansu ya mutu. Wannan bai wanke su ba, amma ya nuna yadda ɓarna ke haifar ɓarna. Akwai kuma hanyoyin ruwa da aka haƙa don jiragen aikin mai su wuce, waɗanda suka buɗe wa ruwan gishiri ƙofa ya shiga dazuzzukan ruwan daɗi ya ƙone su.

Sauran masu ci

Inda mangurof ya mutu ko aka sare shi, wani baƙon tsiro ke maye gurbinsa. Sunansa nipa, dangin kwakwa ne daga Asiya, an kawo shi Kalaba a 1906. 'Ya'yansa na yawo a kan ruwa, duk inda suka sami fili su kafa. Wanda ya ga yadda kacalla ta mamaye fadamun Haɗeja da Nguru ta toshe hanyoyin ruwa ya san irin wannan masifa. Nipa kore ne shar, mai kallo daga nesa zai ce daji na nan lafiya, amma ba ya ba kifi da kawa abin da mangurof ke ba su.

Saran itace ma na da nasa kaso. Itacen mangurof na ci da kyau ko da bai gama bushewa ba, shi ya sa da shi ake bandar kifi. Mai banda na sare gidan kifin da za ta banda baɗi, ba don ba ta sani ba, sai don ba ta da wani makamashi. Ga taru mai ƙananan idanu da ke kwashe har 'ya'yan kifi. Ga manyan jiragen kamun kifi, waɗanda doka ta hana su jan raga a cikin mil biyar na ruwa daga gaɓa, amma sukan shigo da dare su tsinke komar ƙananan masunta. Ga ledar fiya wata da robobi da ruwan masana'antu da bahaya, waɗanda duk kwatar da ke gangarawa kogi ke kawowa. Jihar Legas ta haramta robar zuba abinci ta soso a Janairun 2024 saboda yadda take toshe magudanai.

A kan duk wannan, ita kanta teku tana hawa. Daga farkon ƙarni na 20 zuwa yau ta ƙaru da wajen santimita 20, saboda ɗumamar yanayi na narkar da ƙanƙara yana kuma sa ruwa ya kumbura. Taƙi ɗaya ke nan, ba wani abu ba ne ga mai zaune a Jos. Amma ga ƙasar da take kusan daidai da ruwa, wadda kuma lakarta ta ragu, taƙi ɗaya na nufin gishiri a rijiya da ruwa a tsakar gida.

Gyara

Gyaran gaggawa na iya fin ɓarnar muni. A watan Oktoban 2003 ambaliya ta yi barazana ga birnin Sanlui a bakin Kogin Senegal. Hukumomi suka yanka wata 'yar hanya mai faɗin mita huɗu a jigawar yashin da ta raba kogi da teku, don ruwa ya samu mafita. Birnin ya tsira a ranar. Amma teku ta kama bakin hanyar ta yi ta faɗaɗa shi har ya kai kilomitoci, ƙauyen Doun Baba Dieye ya tashi, gishiri ya shiga gonakin lambu, masunta da dama sun halaka wajen ƙetare wurin.

Gyaran da ya fi ɗorewa shi ne wanda masu wurin suka riƙe da hannunsu. A Gambiya, matan da ke ciro kawa a dajin Tanbi kusa da Banjul sun haɗa ƙungiya mai suna TRY a 2007. A 2012 gwamnati ta damƙa musu ikon kula da kawar yankin. Suka yarda a tsakaninsu a rufe ɗiba na wata takwas a shekara, a ciro daga Maris zuwa Yuni kawai, kuma a ɓamɓare kawa daga saiwa ba a sare saiwar ba. Kawa ta samu lokacin girma, ta yi daraja a kasuwa. Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin a Argungu ma ana hana su a kogin Matan Fada har lokacin biki ya zo. A yankin Kasamas na Senegal kuma mutanen ƙauyuka sun dasa miliyoyin 'ya'yan mangurof da hannu. Dashen ba shi da wuya, a caka ɗan itacen a taɓo ne kawai, amma sai an yi shekaru kafin ya zama daji, kuma ba ya kamawa a taɓon da mai ya jiƙa sai an fara tsabtace shi.

Aikin aji

Ku rabu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya zana hanyar da ruwan unguwarsu ke bi, daga kwatar ƙofar gida zuwa rafi, daga rafi zuwa kogi, har inda ya ƙare, teku ko Tafkin Chadi. Ku sa alama a duk inda akwai dam, da duk inda ake zuba shara ko ruwan rini ko na jima.

Sannan ku tattauna wannan: mai bandar kifi a Neja Delta na buƙatar itace yau, 'ya'yanta kuma na buƙatar kifi nan da shekara goma. Da ku ne shugabannin ƙauyen, wace doka za ku kafa, kuma me za ku ba ta a madadin itacen?

Kafin darasi na gaba, kowa ya je wurin mai sayar da bandar kifi ko jatan lande a kasuwarku. Ku tambaye shi daga ina kayansa ke zuwa, nawa yake sayen kwando a shekarun baya, nawa yake saye yanzu, da abin da masu kawo masa ke cewa ya jawo canjin. Ku rubuto amsarsa da kalmominsa, za mu karanta a aji.